John Strachan (1778–1867): Limamin Coci, Malamin Makaranta Kuma Ɗan Siyasa a Tarihin Kanada

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan rayuwa da ayyukan John Strachan, bishop na farko na ɗariƙar Angilikan a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Ana furta sunan nasa kusan kamar "Sitron", ba kamar yadda rubutun ya nuna ba. Strachan ya haɗa ayyuka uku a rayuwarsa, wato limancin coci da koyarwa da siyasa, kuma a wurinsa duk abu ɗaya ne. Ya yi imani cewa ƙasa ba ta zama lafiya sai gwamnati da coci da makaranta sun tafi a kan turba guda. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana fafutukar tabbatar da wannan ra'ayi, aka kuwa kayar da shi a manyan yaƙe-yaƙensa na siyasa. Duk da haka, cibiyoyin da ya kafa suna nan har yau, sai dai a bisa tsarin da shi kansa ya yi adawa da shi. Tarihinsa yana da amfani ga duk mai nazarin tambayar nan da ta dami ƙasashe da yawa: wa ya kamata ya riƙe ragamar ilimi, gwamnati ko masu addini?

2.0 Yanayin Ƙasar da Ya Tarar

Bayan Ingila ta ƙwace yankin Kwebek daga hannun Faransa, abin da yarjejeniyar 1763 ta tabbatar, sai kuma ta rasa yankunanta 13 da suka zama ƙasar Amurka a 1783. Dubban mutanen da suka ƙi bin sabuwar jamhuriyar, suka tsaya a kan biyayya ga Sarkin Ingila, sai suka yi ƙaura zuwa arewa. Domin a samar musu tsarin mulki, majalisar Ingila ta yi doka a 1791 wadda ta raba yankin gida biyu: Kanada ta Ƙasa, inda masu jin Faransanci mabiya Katolika suka fi yawa, da Kanada ta Sama, wadda ita ce kudancin lardin Ontariyo na yau. Kalmomin "sama" da "ƙasa" a nan suna nuni ne ga yadda ruwan kogin San Loran yake gangarawa, ba arewa da kudu ba.

Wannan doka ta ƙunshi wani sharaɗi da ya zama tushen rikici na shekara sittin. Ta ce a ware kashi ɗaya cikin bakwai na filayen da gwamnati ke rabawa domin ɗaukar nauyin limaman Furotesta. Dokar ba ta fayyace ko waɗanne limamai take nufi ba. Ƴan Angilikan suka ce su kaɗai ake nufi, tun da ɗariƙarsu ce cocin gwamnati a Ingila. Sauran ɗariƙu suka ce su ma Furotesta ne. Ya kamata a tuna kuma cewa waɗannan filaye da ake taƙaddama a kansu asali na ƴan asalin ƙasar ne, irin su Misisoga, waɗanda aka karɓe musu ta hanyar yarjejeniyoyin da aka biya su abin da bai taka kara ya karya ba.

3.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi John Strachan a birnin Abadin na ƙasar Sikotland ranar 12 ga Afrilu, 1778. Mahaifinsa mai kula da ma'aikata ne a wurin fasa duwatsu, ya kuma rasu sakamakon haɗari a wurin aikin a 1794. Don haka tun yana matashi Strachan ya riƙa koyarwa a makarantun ƙauye domin ya biya wa kansa karatu, ya kuma taimaki mahaifiyarsa. Ya kammala Kwalejin Sarki ta Abadin a 1797, sannan ya ɗan taɓa karatun tauhidin Kirista a jami'ar San Andurus yana kuma ci gaba da koyarwa. A cikin ɗariƙar Firesbiteriyan ya tashi, wadda ita ce ta fi rinjaye a Sikotland.

Ganin ba shi da uban gida da zai ɗaga shi a gida, sai ya karɓi tayin aikin koyarwa a Kanada ta Sama. Ya isa garin Kingston a ranar ƙarshe ta shekarar 1799, yana sa ran za a buɗe babbar makaranta ya shugabance ta. Ya tarar babu wannan magana. Sai ya zama malamin ƴaƴan wani attajiri mai suna Richard Cartwright da na wasu manyan gari. A nan ne ya shaƙu da limamin Angilikan na Kingston, John Stuart, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kansa. Strachan ya taɓa neman limancin wani cocin Firesbiteriyan a Montiriyal bai samu ba. A 1803 Bishop Jacob Mountain na Kwebek ya naɗa shi dikin a ɗariƙar Angilikan, a 1804 kuma ya zama cikakken limami. Abokan adawarsa sun daɗe suna yi masa gori da wannan sauya sheƙa, suna cewa neman abin duniya ne ya kai shi.

4.0 Strachan a Matsayin Malami

An tura shi garin Konwol a bakin kogin San Loran, inda ya buɗe makarantar da ta yi suna a duk lardin. Ba Latin da Girkanci kaɗai yake koyarwa ba, kamar yadda aka saba a wancan zamani. Ya haɗa da lissafi da labarin ƙasa da tarihi da kimiyya. Yakan sa ɗalibai su yi wa juna tambayoyi, su kuma yi muhawara suna kwaikwayon ƴan majalisar Ingila. Da ya ga littattafan da ake kawowa daga waje ba su dace da yaran ƙasar ba, sai ya rubuta littafin lissafi nasa, aka buga a Montiriyal a 1809.

Manufarsa a fili take: yana so ya raini waɗanda za su mulki lardin gobe. Hakan kuwa aka yi. Fitacce a cikin ɗalibansa shi ne John Beverley Robinson, wanda ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnati yana da shekara 21, daga baya ya zama alƙalin alƙalai daga 1829 zuwa 1862. A 1807 Strachan ya auri Ann Wood McGill, wadda mijinta Andrew McGill ya rasu ya bari. Auren ya ba shi rufin asiri, ya kuma haɗa shi da attajirin nan James McGill. Strachan na cikin waɗanda suka ƙarfafa wa James McGill guiwa ya bar dukiya domin ilimi, kuma yana cikin amintattun da aka damƙa wa wasiyyar. Daga wannan wasiyya ce jami'ar McGill ta samo asali. A 1811 jami'ar da ya yi karatu a Abadin ta ba shi digirin girmamawa na dakta a fannin tauhidi.

5.0 Yaƙin 1812

A 1812 Strachan ya koma garin Yok, hedikwatar lardin, wanda aka sauya wa suna zuwa Toronto a 1834. Ya zama limamin cocin San Jemis, shugaban makarantar gundumar, kuma limamin sojoji. Zuwansa ya zo daidai da ɓarkewar yaƙi tsakanin Amurka da Ingila. Janar Isaac Brock, wanda ya taimaka wajen kawo shi Yok, an kashe shi a fagen fama a watan Oktoba na shekarar.

Ranar 27 ga Afrilu, 1813, sojojin Amurka suka sauka daga jiragen ruwa suka auka wa Yok. Kwamandan Ingila, Janar Roger Sheaffe, ya sa aka tarwatsa rumbun albarushi, ya janye da ƙwararrun sojojinsa zuwa Kingston, ya bar mutanen gari su san yadda za su yi. A wannan hali ne Strachan ya fito. Ya shiga cikin masu tattauna sharuɗɗan miƙa wuya, ya tunkari Janar Henry Dearborn na Amurka ido da ido, ya matsa masa ya sa hannu a takarda, ya saki dakarun sa-kai da aka tsare, a kuma kula da waɗanda suka ji rauni. Bai iya hana ganima da ƙona ginin majalisa ba, amma tsayuwar da ya yi ta sa mutanen gari suka ɗauke shi jagora. Ya kuma jagoranci wata ƙungiya da ta tara kuɗi domin iyalan waɗanda yaƙin ya shafa.

Yaƙin ya daɗa cusa masa ƙin tsarin jamhuriya irin na Amurka. Da sojojin Ingila suka ƙona gine-ginen gwamnati a Washinton a 1814, tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya yi tir da abin, sai Strachan ya mayar masa da martani a rubuce a 1815, yana tuna masa abin da aka yi wa Yok. Strachan ne kuma ya yaɗa ra'ayin cewa dakarun sa-kai na lardin su ne suka ceci ƙasar. Masana tarihi na baya sun nuna cewa ƙwararrun sojojin Ingila da mayaƙan ƴan asalin ƙasar, irin su mutanen Tecumseh, su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin yaƙin.

6.0 Shigarsa Siyasa

Bayan yaƙi aka saka masa da kujera a majalisar zartarwa a 1815, sannan a majalisar dokoki ta naɗaɗɗu a 1820. A tsarin wancan lokaci, gwamna da waɗannan majalisu biyu na naɗi su ne ke da iko na haƙiƙa. Majalisar wakilai da jama'a ke zaɓa tana iya yin doka, amma majalisar naɗaɗɗu tana iya yin watsi da ita. A zamanin Gwamna Peregrine Maitland, daga 1818 zuwa 1828, babu wanda ya kai Strachan faɗa a ji. Tsofaffin ɗalibansa sun cika ofisoshi da kotuna. Ƴan adawa suka laƙaba wa wannan rukuni sunan Family Compact, wato haɗin bakin dangi, ko da yake abin da ya haɗa su ya fi ƙarfi ta fuskar makaranta da coci da ra'ayi, ba jini ba.

A fannin ilimi, Strachan ya taka rawa wajen samar da dokar makarantun talakawa ta 1816, wadda ta ware fam 6,000 a shekara domin tallafa wa makarantun da jama'a suka kafa da kansu. A 1823 ya zama shugaban hukumar ilimi ta lardin. Ba ya adawa da ilimin talaka, amma yana so ya kasance a ƙarƙashin kulawar cocinsa, da littattafan Ingila, ba na Amurka ba.

7.0 Rikicin Filayen Limamai

Matsalar Strachan ita ce ƴan Angilikan tsiraru ne a lardin. Ƴan Metodis da Firesbiteriyan da Katolika da Baftis, idan aka haɗa su, sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Tun a 1819 lauyoyin gwamnatin Ingila suka ba da fatawa cewa Cocin Sikotland shi ma yana da haƙƙi a filayen. Bugu da ƙari, an warwatsa filayen ne a tsakanin gonakin jama'a, yawancinsu suna zaune ba a nome ba, suna hana a yi hanyoyi, don haka manoma suka tsane su.

A 1825, a huɗubar da ya yi ta rasuwar Bishop Mountain, Strachan ya siffanta masu wa'azin Metodis da jahilci, ya kuma zarge su da yaɗa aƙidar Amurka. Da aka buga huɗubar a 1826, wani matashin mai wa'azin Metodis ɗan shekara 23, Egerton Ryerson, ya mayar masa da martani mai zafi a jaridar William Lyon Mackenzie. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Ryerson ya zama babban abokin hamayyarsa, daga baya kuma shi ne ya shugabanci ilimin lardin daga 1844 zuwa 1876, ya gina tsarin makarantun gwamnati da ba na wata ɗariƙa ba.

A 1827, yana Ingila, Strachan ya miƙa wa gwamnati wani jadawali na yawan limaman kowace ɗariƙa, inda ya rage adadin na sauran ɗariƙu. Da labarin ya iso gida, aka yi ca a kansa, har kwamitin majalisar wakilai ya bincika ya ƙaryata jadawalin a 1828. Wannan ya zubar masa da ƙima ƙwarai. Sabon gwamna, John Colborne, ya ja baya da shi, ƙarfinsa a gwamnati ya fara raguwa, har ya bar majalisar zartarwa a tsakiyar shekarun 1830. Duk da haka, a 1836 Colborne ya ba wa majami'un Angilikan 44 filaye na dindindin. Wannan mataki yana cikin abubuwan da suka harzuƙa jama'a kafin tawayen da Mackenzie ya jagoranta a watan Disamba na 1837. An murƙushe tawayen, kuma Robinson, ɗalibin Strachan, shi ne ya yanke wa biyu daga cikin jagororinsa hukuncin rataya a 1838.

Ya dace a ambaci cewa a tsakiyar wannan rigima ne annobar kwalara ta auka wa garin, a 1832 da 1834. Masu hali da yawa sun gudu, amma Strachan ya zauna yana ziyartar marasa lafiya, yana binne matattu, yana kuma nemar wa marayu matsuguni. Har maƙiyansa sun yaba masa a kan wannan.

8.0 Rikicin Jami'a

A tafiyar nan ta 1827 ne Strachan ya samo takardar izinin sarki ta kafa Kwalejin Sarki a Yok, tare da filaye kimanin eka 226,000 domin ɗaukar nauyinta. Takardar ta ce shugaban kwalejin shi ne babban dikin na Yok, wato Strachan kansa, kuma dole mambobin hukumarta su amince da ƙa'idojin aƙida 39 na cocin Ingila. Ba a gindaya wa ɗalibai sharaɗin addini ba, in ban da masu karatun tauhidi, wanda hakan sassauci ne idan aka kwatanta da jami'o'in Ingila na lokacin. Amma jama'a suka ce dukiyar kowa ce aka ba wa ɗariƙa ɗaya. Saboda gardama, kwalejin ba ta fara karatu ba sai a 1843. Kafin nan ƴan Metodis sun samu Kwalejin Biktoriya, ƴan Firesbiteriyan kuma sun samu Kwalejin Sarauniya a Kingston, duka a 1841.

A 1849 gwamnatin masu neman sauyi ta yi dokar da ta raba kwalejin da coci gaba ɗaya. Daga 1 ga Janairu, 1850, ta zama Jami'ar Toronto. Wanda ya kawo dokar shi ne Robert Baldwin, wanda shi ma tsohon ɗalibin Strachan ne a makarantar Yok. Strachan ya ɗauki jami'ar da babu addini a cikinta a matsayin abin ƙyama. Yana da shekara 72 ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila a 1850 domin neman gudummawa. Aka aza harsashin Kwalejin Tiriniti a 1851, ta buɗe a watan Janairu na 1852, ba da kuɗin gwamnati ba.

9.0 Bishop na Toronto

An naɗa shi bishop na farko na Toronto a 1839, ya kuma bar majalisar dokoki a 1841, lokacin da aka haɗe Kanada ta Sama da ta Ƙasa. Ya riƙa zagaya yankinsa mai faɗi a keken doki da kwalekwale, yana buɗe majami'u. A 1854 majalisa ta kawo ƙarshen filayen limamai, aka mayar da kuɗin ga ƙananan hukumomi. John A. Macdonald, ɗan ra'ayin riƙau wanda daga baya ya zama firayim ministan Kanada na farko, shi ne ya gabatar da dokar. Dokar ta bar wa limaman da ke kan aiki albashinsu har mutuwa. Strachan ya shawo kan kusan dukansu suka karɓi kuɗin a dunƙule suka zuba a asusu guda na coci, wanda ya ci gaba da amfani bayan mutuwarsu.

Dole, in ji Hausawa, ƙanwar naƙi ce. Da ya fahimci cewa coci zai dogara ne ga aljihun mabiyansa, sai ya ga dole a ba su murya. A 1851 ya gayyaci wakilan mabiya, waɗanda ba limamai ba, su zauna taro tare da limamai. Daga nan aka samu majalisar coci mai yin dokokinta. A 1857, da aka yanke yankin Huron daga na Toronto, limamai da wakilan mabiya ne suka zaɓi Benjamin Cronyn ya zama bishop, maimakon a jira naɗi daga Landan. Wannan sabon abu ne a lokacin, kuma tsarin ya bazu zuwa sauran majami'un Angilikan da ke wajen Ingila. Mutumin da ya ƙi yarda da mulkin zaɓe a gwamnati, shi ne ya shigo da zaɓe cikin cocinsa.

Strachan ya rasu ranar 1 ga Nuwamba, 1867, yana da shekara 89, wata huɗu bayan kafuwar tarayyar Kanada. An binne shi a babban cocin San Jemis na Toronto.

10.0 Kammalawa

Masana tarihi sun kasu a kan Strachan. Wasu suna ganinsa mai taurin kai da son iko, wanda ya jinkirta mulkin jama'a da ilimin jami'a na shekaru. Wasu kuma suna duban ƙwazonsa da jarumtakarsa a lokacin yaƙi da annoba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne sakamakon. Cocin gwamnati da ya yi mafarki bai tabbata ba. Kwalejin Sarki ta zama Jami'ar Toronto, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya. Kwalejin Tiriniti, wadda ya kafa domin ta yi gogayya da ita, ta haɗe da ita a 1904, har zauren cin abincinta yana ɗauke da sunansa. Akwai kuma makarantar ƴan mata da aka kafa a Toronto a 1867 da sunansa.

Zamani ya ci gaba da sake auna mutanen wancan ƙarni. Haɗin guiwar coci da gwamnati a harkar ilimi bai ƙare da mutuwar Strachan ba, domin ya ci gaba a makarantun kwana da aka riƙa tura ƴaƴan ƴan asalin ƙasar, inda aka raba su da iyayensu da harsunansu. A 1993 shugaban cocin Angilikan na Kanada, Michael Peers, ya nemi gafara a kan rawar da cocin ya taka a waɗannan makarantu. A 2022 kuma jami'ar da ke ɗauke da sunan Ryerson, abokin hamayyar Strachan, ta sauya suna saboda alaƙar da aka danganta masa da tsara irin waɗannan makarantu. Wannan ya nuna cewa ɓangarorin biyu da suka yi shekara da shekaru suna jayayya a kan filaye da makarantu, dukansu ba su sa masu ƙasar na asali a cikin lissafinsu ba.